Dogon Fanke da Ƙwai Biyu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don rubutun da na yi na ƙarshe bai jawo mini komai ba sai kunya.

Ƙanwata Lanfen tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Iyayenmu suna aiki a wata masana'anta a kudu, sai sabuwar shekara suke zuwa, saboda haka ni ke riƙe da ita. A ajinsu, bayan jarrabawar tsakiyar zango, ana fitar da yara duka waje, a riƙa kiransu bisa maki, kowa ya shiga ya zaɓi kujera. Lanfen ba ta gani sosai daga nesa. In ta wuce layi na uku, allon ya zama mata hazo.

Saura mako guda a fara jarrabawar, malamarsu, Malama Tao, ta ce kowane gida ya rubuto wa ɗansa shawara, za a karanta a aji. Ni a aji huɗu na firamare na tsaya. Kwana biyu takardar tana aljihuna babu ko harafi. Daga baya na tambayi Goggo Guo, wadda nake taya suya a shagonta na karin kumallo.

"Wannan ne ya hana ki sakat?" in ji ta. "Dogon fanke ɗaya, dafaffen ƙwai biyu, ki jera mata a faranti. Ɗaya da sifiri biyu, ɗari ke nan cif. Haka na yi wa ɗana."

"Goggo, ai ɗanki direban babbar mota ne."

"To, tuƙin ba jarrabawa aka yi ba? Juya fankenki kada ya ƙone, sarkin surutu."

Na rubuta a hankali, sau uku ina sake takarda. Na ce ta kwanta da wuri, kada ta bar tambaya ko ɗaya babu amsa, kuma ranar jarrabawa zan jera mata fanke da ƙwai biyu don ta ci maki ɗari.

Ranar da aka karanta, Lanfen ta dawo ta ajiye jaka ba ta dube ni ba.

"Yaya, wa ya ce miki ɗari ne ƙarshe?"

"Ba ɗari ba ne?"

"A firamare ke nan. Mu ɗari da hamsin ne. Mai ɗari a bayan aji yake zama, kusa da tsintsiya. Duk ajin sun yi dariya. Wani ya ce in gaya miki ki ƙaro rabin ƙwai."

Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, amma duk makon nan kafin in haɗa abinci ta fita. Da yunwa ta shiga jarrabawar lissafi. Ban san ko shi ya jawo ba, ko dama abin ya fi ƙarfinta. Ta ci tasa'in da huɗu, ta zo ta arba'in da ɗaya cikin hamsin da takwas. Kafin a kira sunanta, layi na shida ne kawai da na bakwai suka rage.

Da yamma na ga littafinta a buɗe. Rabin shafin babu komai, sauran kuma ta kwafo ne daga littafin wadda ke zaune kusa da ita, har da kurakuran.

Washegari na roƙi Goggo ta ba ni awa ɗaya. Na tsaya a ƙofar makaranta har Malama Tao ta iso a kan kekenta. Na gaishe ta, na ce, "Malama, Lanfen ba ta ganin allo daga baya."

"Ke ce yayarta?" Ta sauko, ta dube ni da tausayi. "Na sani. Amma in na matso da ita, wa zan tayar? Ta dage zuwa ƙarshen zango."

Na yi godiya. Na tsaya har aka buga ƙararrawa, sannan na koma shago na ɗaura kyallen aikina.