Ƙara Mai

Yaya Munkaila, wana, shekararsa goma sha shida a Guangzhou yana lodin wandunan jins daga unguwar Xintang zuwa kasuwar Kwari ta Kano, kuma ban taɓa jin ya ambaci ƙwallo ba. Ko ta ƙafa ba ya kallo. Sai da 'yarsa Firdausi ta samu gurbin karatu a wata jami'a a nan garin, ta shiga ƙungiyar ƙwallon raga ta 'yan mata, sannan mutumin nan ya haukace mana. Ni Lauratu, da nake tuƙa tuwo a ɗan shagona na unguwar Dengfeng, ni na sha wahalar haukan, don duk ranar wasa sai ya zo ya tsaya mini a ka.

"Rufe shagon nan, Lauratu, yau da 'yan koyon likita za mu kara."

"Za ku kara? Kai da wa? Da wannan tumbin, Yaya?"

Ko kula ni ba ya yi. Ya san sunan kowace yarinya, ya san mai ciwon gwiwa, ya san wadda hannunta na hagu ya fi zafi. In maza 'yan ƙwallon kwando ke wasa, nan ma yana wurin, wai ai makarantar ɗaya ce.

Ranar farko da muka je, ɗalibai suna ta ihu, "Ja yo! Ja yo!" Da aka tashi ya tambayi Firdausi me suke cewa. Tana sauri ta bi ƙawayenta, ta ce, "Baba, wai ƙara mai," ta wuce. Yaya ya bi 'yan matan da kallo, duk sirara kamar sillen kara, ya girgiza kai.

"Wallahi gaskiyarsu. Abincin nan nasu ruwa-ruwa ne, ina za su samu ƙarfi?"

Sati na zagayowa sai ga shi da galan ɗin man gyaɗa, na gida, wanda aka aiko mini daga Kano. Nawa fa! Ya sauka har bakin fili, ya miƙa wa kociyarsu da hannu biyu. Kunya ta kama ni kamar in nutse, Firdausi kuwa ta cusa fuska cikin hijabi. Da aka yi wa matar bayani, ta yi dariya har da hawaye, ta karɓa tana cewa, "Sheshe, lawban," wato na gode, maigida. Daga baya Firdausi ta ce masa ai kamar a ce wa direba ba ta wuta ne, ba man miya ake nufi ba.

"To ai duk ɗaya ne," in ji shi. Ko a jikinsa.

Tun daga ranar da Hausa yake nasa ihun. In suka ce ja yo, shi sai ya ce, "Ƙara mai!" Ɗaliban da ke zama kusa da mu suka ɗauka, sai dai bakinsu bai iya ba, "kala mai" suke cewa, suna dariya suna ba shi hannu.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Shekara uku Firdausi tana benci, ba a taɓa sa ta ba. Doguwa ce, tana da ƙoƙari, amma sauran tun suna firamare suke buga abin nan. Kafin kowane wasa Yaya zai ɗaga wa kociya hannu ya ce, "Firdausi?" Ita kuma ta ce, "Meyo," babu ke nan. Ya dawo ya zauna ya ce, "Wani satin, in Allah ya yarda."

Sai kuma idonsa ya fara. Ɓoye mana ya yi. Na gane ne ranar da ya miƙe yana tafi alhali mu aka ci. Na ja shi asibiti da masifa, likita ya ce hawan jini ya taɓa idon, kuma ganin raguwa zai ci gaba da yi. Yaya ya ce gida zai koma gaba ɗaya. Aka yanka masa tikitin ranar Asabar daga filin jirgin saman Baiyun, wasan ƙarshe na shekarar kuma ranar Alhamis da la'asar.

A jirgin ƙasa muna tafiya wurin wasan ya ce, "Lauratu, abu ɗaya nake roƙon Allah. In ga yarinyar nan a cikin fili ko sau ɗaya." Kuka ya taso mini, sai na hau shi da faɗa wai ya taka mini takalmi.

Aka fara wasa, Firdausi tana benci. Aka gama zagaye na farko, aka gama na biyu.

"Ta tashi?"

"Tana zaune, Yaya."

Ya tambaye ni ya fi sau goma. Raina ya ɓaci, ji nake kamar in sauka in shaƙe matar nan, in ce ta dawo mini da man gyaɗata. Saura kiris a tashi, ana cinmu da biyu, sai na ga kociya ta juya ta yi nuni da hannu. Firdausi ta miƙe tana gyara ɗankwali. Na buɗe baki in gaya masa.

Ɗaliban bayanmu ne suka riga ni. "Kala mai! Fi-da-si! Kala mai!" Kafin ka ce me, duk ɓangarenmu ya ɗauka, suna buga ƙafa a katako. Yaya ya damƙi hannuna har na ji zafi.

"Ita ce?"

"Ita ce, Yaya."

"Ina take? Duk farare nake gani."

"Mai baƙin ɗankwali, gaban raga."

"Na gan ta," ya ce, yana murmushi. Dama yake kallo, ita kuwa tana hagu. Na sa hannu a haɓarsa, na juyo fuskarsa a hankali.

Ƙwallon farko da ta taɓa, raga ta kai ta. Na ce, "Haba Firdausi!" Ta biyu kuwa, wata ƙatuwa daga can ta yi tsalle ta maka, Firdausi ta tashi sama da hannu biyu ta tare, ƙwallo ta faɗa musu, tim. Wurin ya ɗauki ihu. Yaya, da ya shekara uku yana cika wa mutane kunne, ko uffan bai ce ba. Yana tsaye, hawaye na bin gemunsa.

Duk da haka an ci mu. Ban damu ba ko kaɗan.

Firdausi ta hawo da gudu, zufa sharkaf, ta durƙusa gabansa tana haki.

"Baba, ka gan ni?"

Gabana ya faɗi, don na san ba zai yi mata ƙarya ba. Ya laluba ya dafa kanta.

"Fuskarki dai ban gani ba. Amma na ga wani baƙin abu ya yi sama ya fi kowa. Ke ce ko?"

"Ni ce, Baba."

"To alhamdu lillahi," ya ce, ya miƙo mini hannu in riƙe shi mu sauka. "Lauratu, jibi sai ki kai ni Baiyun."