Takalmin Ƙanƙara na Maiwada

Maiwada mutumin Gumel ne. Allah ya ba shi tsawo da faɗi, ya kuma ba shi ƙafa lamba hamsin. A gida wannan bai taɓa zama damuwa ba. Baduku ne zai shimfiɗa kwali, Maiwada ya taka, a zagaye ƙafar da gawayi, bayan kwana uku a miƙo masa takalminsa. A Riyad kuwa, inda yake aiki, babu mai yi maka wannan.

Shekara huɗu ya yi yana sauke kaya a wani sito a unguwar Sulai. A 2017 aka mayar da shi ɗakin sanyi, inda ake jibge daskararren nama. Takalman da kamfani ke rabawa a lamba arba'in da shida suka tsaya. Maiwada ya karɓi nasa, ya sa wuƙa ya farke bayan, yana jan sa kamar silifa.

Mushrif, wato mai kula da ma'aikata, wani Basudane ne marar fara'a. Wata Talata ya dubi dunduniyar Maiwada a waje, ta yi fari fat.

"Ya Maiwada, wannan ba zai yiwu ba. Na tambaya, babu lambarka. Ran Lahadi ka zo da takalmi rufaffe mai hana sanyi. In babu, kafili, ubangidanka, ya ce ba zai sabunta maka iƙama ba."

Iƙama ita ce takardar da ta ba Maiwada izinin zama da aiki a ƙasar. Mace da 'ya'ya biyar ke ci daga wannan iƙamar.

A ɗakin kwana, Isiyaku, wani Badamagare da gadonsa ke sama da na Maiwada, ya leƙo da kai.

"Babban yaya, ka nemi tayar tirela mana. Guda biyu za su ishe ka."

Aka yi dariya. Maiwada ya juya wa bango fuska. Tun yana ƙarami ake yi wa ƙafar nan dariya, shi ya sa ba ya cire takalmi a gaban mutane sai a ƙofar masallaci. Da ɗakin ya watse ya ɗauko zare, ya auna daga dunduniya zuwa babban yatsa, ya ƙulle, kamar yadda ake yi a gida in za a aika kasuwa.

Bayan sallar Juma'a ya tafi haraj, kasuwar gwanjo, shi kaɗai. Ya bi rumfa-rumfa da zarensa. Ana dab da la'asar ya ga wasu takalma a tsakanin tsofaffin tukwane da fanka, na roba mai tauri kamar bokiti, masu tsawo har ƙwauri, da maɗaurai uku na ƙarfe.

Mai rumfar, wani tsohon Bayamane, ya ce daga gidan wani Bature da ya koma ƙasarsu aka kwaso su.

"Na hawan duwatsun ƙanƙara ne. Ka ga ƙarfen nan na baya? In ka ɗaga, ka yi tafiya. In ka sauke, ya ƙage, ka sulalo daga kan dutse. Baturen ma ƙato ne kamarka. Zauna ka gwada, ya shaikh."

Maiwada ya waiga. Wasu mutum uku sun tsaya suna kallon ƙafarsa. Lambar da ke jikin takalmin talatin da ɗaya ce, ba irin lissafinmu ba. Sai ya kifa shi, ya ɗora zaren a tafin waje. Tafin ya fi zaren tsawo da yatsa biyu.

"Ya yi," in ji shi. Ya biya bai gwada ba.

To, takalmin fata na gida, wajensa da cikinsa ɗaya ne. Wannan kuwa robar kauri gare ta, ga kuma wata safa mai soso a ciki. Da ya koma ɗaki ya zura ƙafa, yatsun suka dunƙule. Bai damu ba, don a saninsa kowane takalmi yana saki. Ya shafe shi da man kaɗe, ya cusa masa jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye a rana yinin Asabar. Robar ta sha mai tana ƙyalli, ko gashi ba ta ƙaru ba.

Da safiyar Lahadi ya zauna a bakin gado, takalmin a gabansa. Ya sa hannu ya finciko safar soson, ita ce mai riƙe ɗumin duka. Ya zura ƙafa a cikin ƙoƙon robar, ta shige. Ya yanki gefen bargonsa, ya naɗe ƙafafun, ya ɗaure maɗauran.

Mushrif ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa gaban takalmin da makulli.

"Akwai ɗumi a ciki?"

"Akwai."

"Tamam. Shiga."

Babu ɗumi. Kafin a yi rabin awa sanyi ya ratsa robar ya kama yatsunsa. Ya ɗaga ƙarfen baya, ya ci gaba da ɗaukar kwalayen nama, takalmin na ƙwas-ƙwas a kan siminti, ba ya tsayawa don kada ƙafar ta mutu.

Da azahar sai da ya daɗe yana kwance maɗaurai, har aka sallame. Ya yi tasa sallar shi kaɗai, bai ji tabarmar a ƙarƙashin sawunsa ba.

Da yamma ya kira matarsa Delu.

"Maigida, ya maganar takardar?"

"Za a sabunta."

"Alhamdulillahi. Ka samu takalmin ke nan. Ya yi maka daidai?"

Maiwada ya dubi yatsunsa a cikin bahon ruwan ɗumi, sun fara zugi.

"Ya shiga," in ji shi. "Ina yaran?"