Shekarar da Othniel Ya Zo Na Ƙarshe

Othniel Shekari ya daɗe yana aiki a ofishin shiyya na Kamfanin Mai na Gauraka da ke Sabon Gari, kuma duk tsawon zamansa ba a taɓa jin muryarsa ta wuce ƙofar ɗaki ba, sai dai ran Lahadi a coci, inda yake cikin mawaƙa. Aikinsa zagaya gidajen man kamfanin ne, daga Dogarawa har Basawa, ya duba ko famfo na ba da lita cikakkiya, ko tukunyar kashe gobara na nan da ranta. Da yamma ya lallaɓa tsohuwar Fijonsa ya koma Samaru wurin matarsa Clara da 'yarsu Marvellous.

Su takwas ne a ofishin, kuma zaman lafiya suke yi. Manajansu, Oga Callistus, mutumin Inugu ne da Zariya ta riƙe tun yana saurayi. Mutum ne mai taushin zuciya, wanda ko direba zai yi wa faɗa sai ya fara tambayarsa lafiyar yara. Akwai Dele mai kula da ciniki, Bayarabe haifaffen Sabon Gari, wanda bakinsa ba ya hutawa. Akwai Bukola akanta, wadda ba ta yawan magana, amma in ta yi sai an juyo. Da rana dukansu sukan hallara a rumfar Madam Nneoma su ci sakwara da miyar agushi, kowa na miƙa hannu a kwanon kowa.

A shekarar dubu biyu da huɗu wani matashi ya zo daga hedkwata a Legas, sanye da kwat, ɗauke da majigi. Ya haska wani zane a bango mai kama da tozon bijimi, ya ce daga bana haka za a riƙa auna ma'aikata. Kowace shekara manaja zai jera mutanensa. Ɗaya a sama, sauran a tsakiya, ɗaya kuma dole a ƙasa. Na ƙasa ba shi da ƙarin albashi a shekarar, in kuma ya maimaita sau biyu a jere, ya kama gabansa.

Bukola ta ɗaga hannu. "To idan dukanmu mun yi aikinmu yadda ya kamata fa?"

Matashin ya yi murmushi, ya ce ko cikin mala'iku ba a rasa wanda fiffikensa ya fi gajarta. Ya naɗe majiginsa ya wuce Kano.

Da Othniel ya kai labarin gida, Clara na zaune tana gyara wake a tire. Malamar firamare ce, don haka abin bai ba ta mamaki ba.

"Ai gara ku ma ku ɗanɗana, Baban Marvellous," in ji ta. "Ni duk ƙarshen zango sai na rubuta wa ɗan wani cewa shi ne na ƙarshe, ya tafi gida yana jan majina. Ashe akwai ranar da za a yi wa masu gemu."

"Ba abin dariya ba ne."

"Ban ce abin dariya ba ne. Miƙo mani wancan kwanon."

Kafin wata ya zagayo ofis ya canza. Wanda da yakan shigo da hantsi ya koma riga mai shara zuwa. Dele, wanda a da in ya ji dillali na neman mai sai ya faɗa wa kowa, ya koma amsa waya a bayan janareta. Rumfar Madam Nneoma ta zama kamar ɗakin jiran likita, kowa da kwanonsa, kowa na kallon agogo. Har ita Madam ta tambaya ko an yi masu rasuwa ne.

Othniel ya duba kansa ya ga babu inda za a ga aikinsa. In gidan mai bai kama wuta ba, wa zai ce don shi ne? Dele yana da ciniki da zai nuna, Bukola tana da lissafi. Shi kuwa abin da yake da shi kawai gobarar da ba a yi ba. Ya rame har bel ɗinsa ya nemi sabon rami.

Sai ya ji ƙishin-ƙishin cewa Dele ya kai doya gidan Oga. Ya yi ta kokawa da zuciyarsa, don shi mutum ne da ko biro na ofis ba ya tafiya da shi gida. Amma an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ran Asabar ya shiga Bomo ya sayi zabi biyu masu ƙiba, ya ɗaure masu ƙafa, ya nufi gidan Oga yana ta maimaita wa kansa cewa gaisuwa ce kawai.

A bakin ƙofar gidan ya yi kiciɓis da Dele rungume da talotalo.

"A'a, Malam Othniel. Wucewa kake?"

"Wucewa nake. Kai fa?"

"Ni ma wucewa nake."

Suna tsaye kowa na ƙoƙarin ɓoye tsuntsunsa a bayansa, sai matar Oga, Madam Elizabeth, ta buɗe ƙofa. Ta dube su, ta dubi abin da suke riƙe da shi, ta matsa gefe don su ga tsakar gida. Akuya biyu na cin furanninta, kaji na yawo a kan baranda, doya ta yi tsibi a jikin bango.

"Ku shigo," ta ce. "Saura mai kawo makiyayi."

A nan ne ɗaya daga cikin zabin ya suɓuce wa Othniel ya tashi sama, ya sauka a kan rufin maƙwabci ya kama kuka kamar yana kiran sunan kowa. Oga Callistus ya fito da zane ɗaure a ƙugu ya tarar da ma'aikatansa biyu suna jifan rufin mutane da ɓawon mangwaro. Ya koma ciki.

Ran Litinin motar kamfani ta shigo harabar ofis da akuya a baya, da kaji, da doya, da talotalo, da zabo ɗaya. Oga ya sa kowa ya fito ya ɗauki nasa a gaban jama'a. Ashe ba wanda bai kai ba, har Bukola, wadda ta karɓi akuyarta ba tare da ta kalli kowa ba. Sannan ya tara su a ofishinsa ya rufe ƙofa.

"Ni ba na iya cin abinci," in ji shi. "Na roƙi Legas su bar ni in ce babu na ƙarshe a Zariya, sun ce in ban kawo suna ba, nawa za su sa. Ku gaya mani yadda zan yi. Wa zan yanka a cikinku?"

Akuya ta yi kuka daga waje.

Bukola ta gyara zama. "Oga, sun ce sai mutum ya zo ƙasa sau biyu a jere ake korarsa, ko ba haka ba? To mu yi kamar adashi. Bana wani ya ɗauka, baɗi wani. Mu takwas ne. Kafin ya zagayo kan na farko, Allah kaɗai ya san wanda ke raye, mu ko tsarin."

Oga ya daɗe yana kallonta. Daga baya ya ce shi bai ji komai ba, amma akwai ashana a cikin durowa in wani na bukata. Aka karya tsinke ɗaya, Dele ya riƙe su a dunƙule, kowa ya zara. Guntun ya faɗo hannun Othniel.

Ya yi dariya tare da su, amma a hanyar Samaru dariyar ta ƙare. Ya san wasa ne, ya san kowa ya sani, duk da haka abin ya dame shi. Mutanen Legas ba su ga tsinken ashana ba. Abin da za su gani shi ne Othniel Shekari, wanda ba a taɓa kama shi da makara ba, shi ne koma-bayan Zariya. A wannan karon Clara ba ta yi masa ba'a ba. Ta dafa masa pate da yakuwa, ta zauna kusa da shi har ya cinye.

Bayan 'yan makonni saƙo ya zo cewa duk waɗanda suka zo ƙasa a faɗin ƙasar nan za su je kwas ɗin gyara a Legas. Othniel ya shirya kamar mai zuwa gidan yari. Sai ga tikitin jirgin sama daga Kaduna, shi da bai taɓa shiga jirgi ba. Aka sauke su a wani otal a bakin teku, ɗaki da na'urar sanyi, gado kamar filin ƙwallo, abinci kuwa ka ɗiba da kanka har sai ka ji kunya.

Kwas ɗin ma ba wuya. Wata mata mai fara'a ta sa su gina hasumiya da tsinken shan lemo, ta sa kowa ya faɗi da baya 'yan'uwansa su tare shi. Da aka saba, sai labarai suka fito. Na Jos kuri'a suka jefa. Na Ilori sabon ɗauka ne, aka ce ya yi haƙuri ya fara. Na Maiduguri ya kusa ritaya, shi ya ce a sa shi. Amma akwai Julius daga Warri, wanda a ofishinsu ba a yi wata yarjejeniya ba. Ya yi musu da manajansa a kan wata tanka mai yoyo, sai ya tsinci sunansa a ƙasa. Ba ya iya cin abincin, sai ya riƙa juya cokali yana maganar 'ya'yansa da ke makaranta. Othniel ya riƙa zama kusa da shi. Da ya gano mutumin na da murya, sai su biyun suka tara wasu suka riƙa rera waƙoƙin coci bayan darasi. A liyafar rufewa su suka yi waƙa, har wani babban darakta ya tashi ya yi musafaha da Othniel ya tambayi sunansa.

Ya dawo Zariya kumatunsa sun ciko, da jaka mai tambarin kamfani, da hotonsa tsaye a bakin teku ya naɗe ƙafar wando. A rumfar Madam Nneoma aka kewaye shi.

"Tsaya," in ji Dele. "Kaza kullum?"

"Safe da yamma. Da rana kifi."

"Kuma ba ka biya ko sisi ba?"

"Har sabulu suka ce mu tafi da shi."

Dele ya ajiye lomar da ya ɗauko. Shi ne ya zo na ɗaya a shekarar, abin da ya samu kuwa ɗan ƙarin albashi da agogon bango wanda ba ya tafiya sai an buga shi.

Da shekara ta juyo, sai rigima ta koma ta neman ƙasa. Dele ya fara makara da gangan, in ya shigo kuma sai ya leƙa ofishin Oga ya ce, "Oga, ka dai ga lokacin da na zo." Mai kula da sito ya ce ai shi ne ya cancanta, don ya taɓa ɓatar da makulli. Oga Callistus ya riƙe kai ya ce bara sun cika masa gida da dabbobi don kada su zo ƙarshe, bana kuma suna neman kashe shi don su zo. Aka sake ɗauko ashana. Guntun ya faɗa wa Bukola, Dele ya bi ta da magiya har ta bar masa, bisa sharaɗin zai kawo mata atamfa daga Legas.

Dele ya ɗinka sabbin kaya kala uku. Ya sayi tabarau. Ya gaya wa duk layinsu cewa zai hau jirgi.

Sai dai a shekarar hedkwata ta ce a rage kashe kuɗi. Aka mayar da kwas ɗin ma'ajiyar man kamfanin da ke Kaduna, kowa ya kai kansa. Aka zaunar da su a kan benci a wani ɗaki mai rufin kwano, fanka ɗaya, ita ma sai ta ga dama. Malaminsu wani tsohon jami'in kashe gobara ne wanda ya yi imani cewa rana ce maganin lalaci, don haka kullum sai sun yi gudu da tiyo a kafaɗa. Abincin rana burodi ne da ruwan leda.

Tsarin ya ƙara 'yan shekaru kafin wasu sababbin shugabanni su zo su soke shi, su kawo wani mai sabon suna. A ofishin Zariya ba a kori kowa ba. Julius na Warri kuwa bai tsira ba, a shekara ta biyu aka sallame shi. Othniel ya ji labarin a waya, daga baya ya haɗa Julius da wani dillali da ke neman mai kula da gidan mai a Fatakwal.

Ranar da Dele ya dawo daga Kaduna, Othniel ne ya je tasha ɗauko shi. Ya same shi zaune a kan jakarsa, ya yi baƙi ya faɗa, tabarau na rataye a wuyan riga. Ya buɗe masa ƙofar mota, suka kama hanya. Sai da suka kusa kasuwa Dele ya yi gyaran murya.

"Tsaya a nan."

"Lafiya?"

"Atamfar Bukola zan saya. In ta tambaye ka, daga Legas aka aiko da ita."

Othniel ya faka a gefen titi, ya kashe mota, ya ce zai jira shi a wurin mai tsire.