Man da Bai Shiga Inji Ba

Mai gidan da Auta take haya ne ya tare Baba, mahaifinta, a bakin garejinsa, ya yi masa ƙorafi cewa motar surukinsa ta ɓata masa simintin farfajiya da baƙin mai. Baba ya ba shi haƙuri. Da yamma ya kira Auta a waya ya ce gobe zai zo ya wanke wurin. Ta ce kada ya wahalar da kansa, ga ciwon gwiwa. Ya ce bakaniken da ya kasa toshe yoyo ai shi ya kamata ya goge.

Gaskiya ya faɗa. Shekara uku yana fama da motar nan, tun ranar da mai ita ya fara kawo ta gareji, har ya ga Auta ta kawo abincin rana ya kasa ɗauke ido. Baba ya canza roba, ya ɗaure noti, amma duk inda ta kwana sai ta ɗiga. Abin har ya zama wasa tsakaninsu. In ya zo gidan, kafin ya yi sallama sai ya tsuguna ya dangwali tabon da yatsa, ya ce wa surukin wai tsohuwar motarsa ta sake fitsarin kwance.

Ya iso da hantsi, da buhun garin katako, da galan ɗin kalanzir, da burushin waya. Babu mota a farfajiya. Auta ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce mijin ya yi sammako, aiki ya yi musu yawa kwanan nan. Ta rame, amma ta yi ado kamar mai jiran baƙi.

Baba ya tsuguna a hankali, gwiwa tana ƙara. Tabon ya kai faɗin faranti, tsakiyarsa a jiƙe tana sheƙi. Ya dangwala, ya murza tsakanin yatsu, ya ɗaga wajen haske.

Man garau yake kamar zuma. Ba ƙaurin ƙuna, ba ɗigon baƙi. Shekara arba'in hannunsa yana cikin mai, ya san wannan bai taɓa zagaya cikin inji ba, daga kwalba ya fito. Kuma mota ɗigo take yi, ɗaya kan ɗaya a wuri guda, wannan kuwa kwararawa aka yi, har ga layin da bakin kwalbar ya bari. Ya kankare gefen tsohon tabon da farce. Ya bushe ƙayau, ƙura ta zauna a kai. Motar nan ta daɗe ba ta kwana a nan ba.

Ya juya wajen Auta. Ya roƙe ta ta ɗora masa ruwan zafi.

Ya barbaɗa garin katako, ya taka da dunduniya, ya jira. Sabon man ya bi garin katakon nan da nan, shara ɗaya ya tafi. Tsohon ne ya riga ya shige cikin siminti. Ya kwaɓa kalanzir da sauran garin ya lafta, ya zauna a kan bokiti yana kallo. Ya tuna shi ne ya ce wa mahaifiyarta mutumin da yake wanke motarsa kullum ba zai wulaƙanta mace ba. Har dariya aka yi ranar.

Auta ta kawo ruwan da garin sabulu. Tana tsaye tana ba shi labarin tsadar kaya, da maƙwabciyar da ta haihu, da yadda mijin ya ce a gaishe shi. Shi kuwa yana ta dirza, kumfa tana komawa ruwan toka.

"Auta," ya ce, bai ɗago ba, "kwalbar nan ki rufe ta da kyau. Mai ne mai tsada, kada ya lalace."

Ya ɗauka ta shige ciki. Sai ya ji ta zauna a ƙasa kusa da shi.

"Wata huɗu ke nan, Baba."

Ta ce ya fita ne da cewa an samo masa aiki a wani gari. Sati biyu yana kira, daga nan wayar ta daina shiga. Ba saki, ba saƙo. 'Yan'uwansa sun ce su ma ba su sani ba, amma ba sa iya kallon idonta. Ɗinkin da take yi ne yake riƙe ta. Man kuwa ita ta zuba don kada a gane. Ta roƙe shi kada Mama ta ji, saboda hawan jininta.

Ya ce ta haɗa kayanta su tafi, ɗakinta yana nan. Ta girgiza kai.

"In ya dawo ya tarar da kwaɗo a ƙofa fa?"

Baba ya miƙe. Ya watsa sauran ruwan, ya share da tsintsiya. Da simintin ya fara bushewa sai inuwar tabon ta sake fitowa, dishi-dishi, daidai inda take. Ya san irin wannan. Ko sau goma aka wanke ba ta fita.

Ya ɗaure bakin buhun, ya jingina shi da galan ɗin a bayan ƙofarta, ya ce ta ajiye masa. Ya ce tsohon tabo ba ya fita a wanki ɗaya, sai an yi ta bi, duk sati. Ta ce to. Ta raka shi bakin titi riƙe da burushin, har ya yi nisa ba ta tuna ta miƙa masa ba.