Sa Hannun Farfesa

Akawu ya turo mata fom ɗin ta ƙasan gilashi a karo na uku, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Babu wasiƙar malamin da ke duba aikinki."

"Yallaɓai, ai na faɗa maka ya rasu. Tallafin nan ma da sunansa aka buɗe. Ga hotonsa nan a bayanka."

"Ni dai takarda ta ce sa hannu. Ƙarfe huɗu muke rufewa."

'Yar Kwaɗi, haka ɗalibai ke kiranta saboda shekara uku tana kiwon kwaɗin Farfesa, malamin nata da ya rasu, ta ji kamar ta fasa gilashin. Ta je wurin shugaban sashe, aka ce yana taro. Mataimakinsa ya ce bai san aikinta ba, ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba. Sabon malamin kuwa sai zango mai zuwa za a naɗa. Idan tallafin nan ya wuce ta, sai ta tattara ta koma gida da rabin digiri.

Ta koma ɗakin gwaji, ta zauna gaban tankunan kwaɗin, ranta a ɓace. Baba, wanda ya shekara talatin yana wanke wa Farfesa kwalabe, ya saurari komai yana tsaki. Can ya buɗe firjin samfura, ya laluba bayan kwalaben, ya zaro wata leda.

Farfesa mutum ne da bai yarda da ofis ba. Duk sanda zai tafi daji neman kwaɗi, sai ya sa hannu a fararen takardu masu tambarin sashe ya bar wa Baba, don kada wani ɗalibi ya maƙale. A firji yake ɓoye su, wai nan ne kaɗai manya ba sa leƙawa. Guda ɗaya ta rage a ledar.

Ta ɗauki biro.

"Baba, in rubuta haziƙa ce?"

"Ke! Kada ki yi wa mamaci ƙarya. Yaushe ya taɓa yabon wani? Rubuta abin da ya faɗa da bakinsa."

"Me ya taɓa faɗa a kaina?"

"A asibiti ya ce mini, 'Yarinyar nan ba za ta bari kwaɗina su mutu ba.'"

Ba ta taɓa jin wannan ba. Sai da ta share ido sau biyu kafin ta iya rubuta layin, shi kaɗai, a saman sa hannun.

Huɗu saura minti biyar akawu ya karɓi takardar, da sauran sanyinta. Bai karanta ba. Ƙasa kawai ya duba, ya buga hatimi.

"Kin gani?" ya ce. "Da ma tun safe kika je kika same shi."