Alisabatu da Jerin Gwano

A shekarar da yaƙi ya ƙare, jirgin ƙasa ya sauke Irimiya a tashar Minna da ƙafa ɗaya. Mahaifiyarsa Alisabatu ta tsaya cikin taron masu tarba tana miƙa wuya, tana neman dogon saurayin da ta raka wannan tashar lokacin da ya shiga soja. Sai da wasu sojoji biyu suka sauko da shi a hannu kafin ta gane fuskarsa. Nakiya ce ta tashi da shi, likitoci suka yanke ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Ta ruga ta rungume shi tana godiya ga Allah da ya dawo mata da shi da rai. Shi kuwa ko kallonta bai yi ba.

Alisabatu gwauruwa ce, 'yar Gbagyi, tana zaune a Fadikpe tun garin yana 'yan gidajen ciyawa a bakin Minna. Doya take nomawa, ta ɗauko a ƙwarya bisa kafaɗa ta kai kasuwa. Irimiya ne kaɗai ya rayu cikin 'ya'yanta. Da aka kai shi gida sai ya shige ɗakin marigayi mahaifinsa, ya juya fuska ga bango, ya ce a sake masa asabarin ƙofa.

Mutanen ikilisiya sun yi ƙoƙari da farko. Malam Ishaya, mai bisharar da ke kula da majami'arsu, ya zo ya yi sallama har ya gaji. Shekwolo, wan mahaifin Irimiya kuma dattijon ikilisiya, ya shiga ya zauna a gefen gado, Irimiya ya ce masa, “Baba, ka yi haƙuri ka fita. Wanda kuke nema ya mutu a can.” Daga nan ƙafa ta ɗauke. Kowace Lahadi akan ambaci sunansa cikin addu'a, a ce amin, a watse. Majami'ar tana hayin rafi, gidan Alisabatu yana wannan ɓangaren, kuma babu abin tsallakawa sai wani gungume da aka gitta tun zamanin iyaye.

Ruwan farko ya sauka, Alisabatu ta koma gona ita kaɗai. Wata rana rana ta take, bayanta ya riƙe, ta ajiye fartanya ta zauna a gindin kaɗanya. Ba ta da niyyar kuka, amma hawaye ya zo da kansa. Tana sunkuye haka ta ga jerin gwano, baƙaƙen tururuwan nan manya, suna dawowa daga wani suri da suka kai wa hari. Kowane ya ciko baki da gara. Ta janye ƙafa don kada su cije ta, tana bin su da ido don dai ba ta da abin yi.

Can a ƙarshen layin ta ga abin da ya sa ta share hawaye. Wasu ba gara suka ɗauko ba, 'yan uwansu ne. Ta matso da gwiwa. Ga wani a yashe cikin turɓaya, garar da ke tsaron suri ta guntule masa ƙafafu, yana ta juyi a wuri ɗaya. Wani ya fito daga layi, ya shafa shi da gashin kansa, ya sa baki ya ɗaga shi. Mai raunin ya naɗe sauran ƙafafunsa ya yi lamo, aka wuce da shi har cikin rami.

“Ikon Allah,” in ji Alisabatu.

Daga ranar, duk lokacin da ta je gona sai ta leƙa gindin kaɗanyar. Ba a daɗe ba ta ga abu na biyu. Da layin ya fito zai tafi farauta, akwai masu ɗingishi a ciki, ƙafafunsu ba su cika ba, amma suna tafe tare da sauran, kuma da aka dawo su ma da kayansu a baki.

Ranar zumuntar mata ta miƙe, abin da ba ta saba ba, domin Hausarta ba ta kai ta matan ma'aikata ba. Ta ba da labarin gwanon daga farko har ƙarshe. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Shugabar mata, Christiana, matar wani akawu daga kudancin Zariya, ta ce, “Mama, ai ba mu manta da Irimiya ba. Kullum muna sa shi a addu'a.”

“Na gode da addu'a,” in ji Alisabatu. “Amma gwano bai tsaya a bakin rami ya yi ta jiran ɗan uwansa ba. Komawa ya yi inda ya faɗi. Allah da ya ba ƙwaro wannan hankali, mu da aka ce jiki ɗaya ne cikin Almasihu, me ya hana mu?”

“To ai ya kori Malam, ya kori Baba Shekwolo.”

“Ciwo ne ya kore su. Ɗana bai taɓa korar baƙo ba.”

Daga ƙarshe Christiana ta ce za ta yi magana da Malam Ishaya da bakinta.

Lahadi ta zagayo, Alisabatu tana shara sai ta ji waƙa daga wajen rafi. Ta leƙa, ta ga ikilisiya gaba ɗaya suna tsallako gungumen ɗaya bayan ɗaya, maza da bencina a kai, mata da tukwanen kiɗa da caki. Suka cika tsakar gidanta har waje. Malam Ishaya ya tsaya daf da asabarin ya ce, “Irimiya, ba mu zo fito da kai ba. Sujada muka zo yi, kai kuma kana cikinmu. In ka ga dama ka toshe kunne.”

Daga ciki aka jefo kwano, ya daki asabari ya faɗi. Wata yarinya ta tsorata za ta gudu, uwarta ta riƙe ta. Aka yi sujada har ƙarshe. Alisabatu ta ji kunya kamar ta nitse, amma da suka tashi tafiya Shekwolo ya ce mata, “Kada ki damu. Mai jifa yana da sauran ƙarfi. Za mu dawo.”

Suka kuwa dawo, Lahadi bayan Lahadi. Kwano bai sake fitowa ba. Wata rana ma Alisabatu ta lura an ɗage gefen asabarin kaɗan, daidai yadda ido zai iya leƙe. Ba ta gaya wa kowa ba.

Damina ta yi nisa. Wata Lahadi da safe aka yi ruwa mai ƙarfi, rafi ya kawo har yana shafar cikin gungumen. Duk da haka suka zo. Shekwolo ne a ƙarshe, yana tsakiya gungumen ya mirgina, ruwa ya yi gaba da shi. Samari suka bi gaɓa da gudu, suka tare shi a jikin saiwar wata bishiya, suka jawo shi. Aka shigo da tsohon gidan Alisabatu yana tari, goshinsa na jini, mata na ta salallami. Gungumen kuwa ruwa ya tafi da shi.

Ana cikin hayaniyar sai murya ta fito daga ɗaki, kakkausa kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

“Wa ya ce ku bar tsoho ya hau ruɓaɓɓen icce? Tun ina yaro gara ta cinye cikinsa!”

Kowa ya juya. Irimiya ne zaune a bakin ƙofa, ya jawo jiki da hannuwa, gemu ya cika masa fuska. Yana kallon baffan nasa, idanunsa sun yi ja.

Shekwolo ya tofar da ruwa ya ce, “To ɗana, da me za mu tsallako wurinka? Fiffike muke da shi?”

“Gada za ku yi.”

“Wa ya iya gada a cikinmu?”

Alisabatu ta san a soja cikin masu gyaran hanya da gadoji ya yi aiki, amma ta bar shi ya amsa da kansa.

“Sai na ga gaɓar,” in ji shi a hankali. Ya dubi dungulmin ƙafarsa, ya dubi taron. “Mama, a ɗauko kujerar marigayi Baba. Ku ɗaura mata sanduna biyu.”

Samari huɗu suka ɗaga shi. Alisabatu ta ga yadda ya runtse ido da kujerar ta bar ƙasa, ya ƙanƙame hannuwan kujerar, sa'an nan ya saki jiki. Aka nufi rafi da shi, jama'a na biye. Da suka isa ya sa aka yi sama da shi, aka yi ƙasa, har ya nuna wani wuri da dutse ya fito a gaɓa biyu. “Nan,” in ji shi. “Da ruwa ya ja baya za mu fara. Ina son duwatsu, masu yawa. Ina son giginya, ita gara ba ta ci.”

Aikin ya ci sauran damina har ya shiga kaka. Mata suka ɗauki jigilar duwatsu daga gindin tsauni, kowace da nata a kafaɗa, Christiana da ba ta saba ba ta ɗora nata a ka. Tsofaffi suna tsinto ƙanana na cike gurbi. Maza suka sare giginyu, suka jawo su da igiya suna waƙa. Irimiya yana zaune a kujerarsa a kan gaɓa, yana nuni da sanda, yana tsawa kamar saje. In aka ɗora dutse a karkace sai ya sa a sauke. Akwai ranar da ginshiƙin gaɓar da yake zaune ya zube gaba ɗaya, mutane suka zauna jiki a mace, wasu suka ce a bari sai rani. Shi ne ya ce a sauke shi ƙasa, ya ja jiki cikin taɓo ya ɗauki dutsen farko ya mayar. Kunya ta tashe su.

Maƙwabtansu Musulmi suna wucewa suna kallo, tun da su ma ta nan suke bi zuwa kasuwa. Ndanusa, wani kafinta Banufe, ya zo da zartonsa ya ce shi zai tsaga katakon shimfiɗa. Bayan kwanaki ya dawo da sanduna biyu na maɗaci, ya naɗe kawunansu da tsumma, ya ajiye a gefen kujerar. “Saje, ka gwada waɗannan,” in ji shi. “Samarin nan kafaɗunsu sun gaji da kai.” Irimiya ya yi dariya, karo na farko da uwarsa ta ji tun dawowarsa. Ya faɗi sau da dama a tsakar gida kafin ya iya su, kuma bai yarda ta tashe shi ba.

Aka gama gadar ana gobe godiyar kaka. Da safe mutanen wannan ɓangaren suka taru a bakinta da doya da dawa da kaji na baiko, na hayi suka taru a can, Malam Ishaya a gabansu. Ba wanda ya taka. Shekwolo ya ce, “Mai gada ya fara.”

Irimiya ya fito cikin farar riga, ya aske gemu. Ya sa uwarsa ta ɗaura masa doya mafi girma a baya da zane, ya ce ba zai shiga gidan Allah hannu wofi ba. Ya dafa sandunansa ya hau. Katako yana amsa kowane taku. A tsakiya ya tsaya, ya doka sanda da ƙarfi don ya ji ko za ta motsa. Ko gezau. Da ya sauka a hayin, guɗa ta tashi daga gaɓa biyu, tukwanen kiɗa suka ɗauka, mutane suka kwararo kan gadar suna rawa har Ndanusa yana ihu a yi a hankali. Alisabatu ta tsallaka cikinsu da ƙwaryarta a kafaɗa, tana waƙar yabo da harshen Gbagyi, muryarta ta fi ta kowa.

Bayan Kirsimeti wasu dattawa suka zo daga wani ƙauye na wajen rafin Tagwai. Sun ce duk damina ruwa yakan raba su da asibiti, sun kuma ji labarin Saje. Irimiya ya tambaye su faɗin rafin da irin ƙasar gaɓarsa, ya tambaya ko akwai dutse kusa. Sa'an nan ya juya ya ce, “Mama, ki soya mini gyaɗa. Jibi zan bi su in gani.”

Alisabatu ta shiga ta hura wuta.