Ciyawar Takalmin Inna Gáddjá

Ƙafar Inna Gáddjá ta daɗe tana ruwa, amma da ɗanta Lemet ya yi zancen asibiti sai ta ce, "Wa zan nuna wa? Kafin ka riƙe sunan mutum ya hau jirgi."

Ba ƙarya ta yi ba. Nas ɗin aro ake turo musu daga kudu, kowacce ta yi 'yan makonni ta koma. Ga shi an kusa kora garken bareyin ƙanƙara da suke kiwo zuwa bakin teku, tsohuwa kuwa ta rantse da ita za a tafi. Lemet ya san in ta hau hanya da wannan gyambo, ƙarshenta yanke ƙafar za a yi.

Sai ya lallaɓa ya roƙi sabuwar nas, Solvej 'yar Danmak, ta biyo gida.

Ta zo ta tsaya tana ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ɗan sanda ne?" in ji Inna.

"Baƙuwa ce, Inna."

"Ba ta da hannun buɗewa ne?"

Lemet ya fita ya shigo da ita yana raɗa mata, "Nan ba a ƙwanƙwasawa. Ki zauna ki sha kofi, kada ki tambayi komai. Ƙafar ma kada ki kalla."

Solvej ta zauna. Aka zuba mata kofi, aka yanyanka busasshen nama a ciki. Ta kame bakinta tsaf, sai dai haƙoranta sun ƙi jin magana, kaf-kaf kawai suke yi. Takalmin birni ta sako, ya sha dusar ƙanƙara ya jiƙe sharkaf.

Inna ta dubi takalmin. "Yarinyar nan ba ta da uwa ne? Kai, ɗauko mata na fata, da busasshiyar ciyawa."

Ya kawo. Solvej ta dunƙule ciyawar, wadda suke sawa a takalmi maimakon safa don ɗumi, ta cusa a ciki.

"Sheƙar tsuntsu kike yi, 'yar nan? Shimfiɗawa ake yi. Tsaya ki gani."

Tsohuwa ta warware ɗaurin nata takalmin, ta zare ƙafa don ta nuna yadda ciyawa ke kwanciya. Sai ga gyambo a fili.

Lemet ya duƙufa kallon rufi.

"Kai ka kitsa wannan, ɗan nema?"

"Ni? Ina na ga wannan wayon, Inna?"

Solvej dai ta riga ta durƙusa ta buɗe jakarta. "Iya, zai warke. Amma sai dai garke ya yi gaba, in gyambon ya kame ki bi su a mota."

"A mota! Kamar buhun gari!"

Ta yi ta mita, ta zagi mota, ta zagi mutanen kudu kaf. Amma ƙafar tana nan a cinyar Solvej, ba ta janye ba. Lemet ya tashi a hankali ya ɗora ruwan zafi.